Farar Shadda, Baƙar Inuwa: Ina Fuskokinmu a Hotunan Sallah?

Duk shekara, da zarar an sauko daga idi, shafukanmu na Facebook da zaurukanmu na WhatsApp sukan cika maƙil da hotuna. Ga na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, ga na Aboabo da Asawase a Kumasi, ga na Tamale da Yendi da Salaga. Kowa ya ci ado gwargwadon ƙarfinsa. Shadda tana ɗaukar ido, rawani ya zauna daram, mata sun kafa ɗauri, yara sun sha lalle da kwalli. Sai dai wanda ya tsaya ya dubi hotunan nan a tsanake zai ga aibi guda yana bin mafi yawansu. Riga ta fito, hula ta fito, har motar da aka jingina da ita ta fito, amma fuska ba ta fito ba. Inda ya kamata a ga idanu sai a ga ramuka biyu masu duhu. Goshi da karan hanci suna ƙyalli, sauran fuskar kuwa ta nutse. Dattijon da unguwa duka ta san kwarjininsa ya koma baƙar inuwa mai sanye da farin rawani.

Da yawa daga cikinmu sun riga sun yanke hukunci a kan dalilin haka. Wasu su ce wayar ce ba mai tsada ba, wasu kuma, abin takaici, su ce ai baƙar fata ce ba ta karɓar hoto. Mu dai a ganinmu duka biyun kuskure ne. Abin da ke cinye fuskokinmu shi ne lokaci da wurin tsayuwa. Hotunan da suka fi kowanne daraja a wurinmu muna ɗaukarsu ne a sa'ar da rana ta fi gaba da fuska, a fili fetal, sanye da tufafin da suka fi rikita kyamara. Gyaran wannan ba ya cin ko sidi ɗaya. Muna kuma ganin al'umma irin tamu, wadda take 'yar tsiraru a ƙasar da ta zama gidanta, ita ce ta fi kowa buƙatar ta ɗauki lamarin da muhimmanci.

RANAR DA MUKE ƘARƘASHINTA

Ƙasar nan tana dab da layin da ya raba duniya gida biyu. Ankara tana wajen digiri 5 da rabi arewa da shi, Kumasi kusan 7, Tamale 9 da ɗoriya. Saboda haka rana takan fito wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma hawanta a miƙe yake, kimanin digiri 15 a kowace awa. A watannin Maris da Afrilu, ƙarfe 9 na safe ta riga ta ci rabin tafiyarta zuwa tsakar ka, ƙarfe 10 ta ci kashi biyu cikin uku. Sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, takan tsaya daidai bisa kanmu, har mutum ya taka inuwarsa. A 'yan shekarun nan kuwa ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a Maris da Afrilu, wato a tsakiyar wannan lokaci. Kafin liman ya gama huɗuba, jama'a su gaisa, a nemo yara a jera su, rana ta riga ta hau gadon mulkinta.

Hasken da ke saukowa daga bisa kai ba ya shiga inda hoto yake buƙatarsa. Yakan bugi goshi da karan hanci da kafaɗa, ya bar ƙwarmin ido da ƙarƙashin hanci da haɓa a cikin duhu. Idan an ƙara da rawani, ko malafa, ko ɗaurin da ya yi rumfa bisa goshi, to rabin fuska ya tafi. Ƙarfin hasken kuma ya wuce yadda muke zato. Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Rana tsaka a sarari tana kaiwa luks 100,000, alhali ɗakin ofis mai fitilu masu kyau ba ya wuce 500. Wanda aka tsayar yana fuskantar irin wannan haske dole ya ƙanƙance ido ya yamutsa fuska, sai hoto ya nuna shi a murtuke ranar da ya fi kowace rana farin ciki.

Me ya sa idonmu yake ganin fuskar sarai amma kyamara ta kasa? Ido yana yawo ne. In ya dubi riga ya tsuke, in ya dubi fuska ya buɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa abin da ya gani. Kyamara shawara ɗaya take yankewa a kan duk abin da ke gabanta, kuma an gina ma'aunin haskenta a kan zaton cewa in aka gauraya komai zai ba da launi tsaka-tsaki, kamar na toka. Idan aka cika mata ido da fararen riguna a filin idi, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Farar shadda ta koma toka-toka, fuskar da dama ba ta mayar da haske kamar shadda ta faɗa rami. Idan kuma aka ƙara haske don a ceto fuska, sai riga ta ƙone ƙurmus, aikin aska takwas da maɗinki ya shafe makonni yana yi ya ɓace ya zama farin fili. Tazarar da ke tsakanin farin yadi a rana da fuska a inuwar rawani ta fi abin da kyamara za ta iya ɗauka a lokaci guda. Wannan ita ce matsalar baki ɗaya, kuma duk wata dabara ta gaskiya hanya ce ta rage wannan tazara.

LAIFIN NA'URA DA LAIFINMU

Masu zargin na'ura suna da wata gaskiya a tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launin injinansu da fatarta. Duk fatar da ta yi nesa da tata ba a yi lissafi da ita ba. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta bayyana a 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka tura kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke nuna launin ƙasa-ƙasa har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Abin lura ne a ce cakulan, wanda kokonsa ke fita daga gonakin ƙasar nan, ya riga mai noman kokon samun adalci a idon kyamara.

Yau al'amari ya canja ƙwarai. Wayoyin Tecno da 'yan'uwansu sun ci kasuwar Afirka ne da dalilai da suka haɗa da daidaita kyamararsu domin baƙar fata, kuma a 2021 kamfanin Google ya fito da wani tsari a wayarsa ta Pixel 6 da wannan manufa. Yawancin wayoyi yanzu suna da abin da ake kira HDR, wato su ɗauki hotuna da dama a ƙiftawar ido, wasu da haske wasu da duhu, su haɗa su wuri guda. Wannan yana taimakawa. Amma babu wayar da za ta buɗe idon da rana ta ƙanƙance, ko ta sa walƙiya a ƙwayar idon da haske bai shiga ba. Sau da yawa ma idan HDR ya tilasta wa inuwa ta yi haske, fata takan fito da wani launi na toka, kamar ta wanda hunturu ya busar. Mai wayar sidi dubu goma da ya tsayar da mahaifinsa a tsakar rana zai sha kaye a hannun yaron da ke riƙe da tsohuwar waya ya ja nasa mahaifin zuwa bakin zaure.

Maganin da muka fi rugawa gare shi kuwa ya fi cutar muni. In hoto ya yi duhu sai a sa masa filta, a yi ta ƙara fari har fuska ta fito, amma ba fuskar mai ita ba. Tsagar gado ta goge, layukan tsufa sun shafe, yarinya wankan tarwaɗa ta koma kamar Balarabiya. Tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin haidrokwinon saboda illarsu ga fata, kuma malamanmu sun daɗe suna wa'azi a kan bilicin. To ga shi muna yin bilicin da yatsa, muna yi wa jarirai ranar suna, muna yi wa kakanni. Wani zai ce ai ado ne, kamar kwalli da jan baki. Kwalli yana ƙawata idon da ake da shi ne, ba ya musanya shi. Yarinyar da ta tashi ba ta taɓa ganin hoton kanta da aka yaba ba sai wanda aka faranta mata fata a ciki, mun koya mata wani darasi game da halittarta ba tare da mun buɗe baki ba. Tushen abin kuwa sau da yawa ba ƙin launi ba ne, hoto ne da aka ɗauka a mugun haske aka rasa yadda za a yi da shi.

INUWA CE AGOGON MAI HOTO

Da tsohuwar zuma ake magani. Masu hoton da suka gabace mu a wannan yanki sun yi aiki a ƙarƙashin ranar nan da kayan da ba su kai na aljihunmu ba, kuma fuskokin da suka ɗauka har yau suna magana. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken Allah, ya rataya zanen gado ko yadi mai zane a bayan mutum, kuma galibi sau ɗaya yake dannawa saboda tsadar fim. A hotunansa ana ganin zaren aikin riga, ana kuma ganin hasken ido. A nan gida akwai James Barnor, wanda ya buɗe situdiyonsa mai suna Ever Young a Jamestown a 1953, daga baya ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a ƙasar nan, da Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi sana'ar a Ghana. Haka nan tsofaffinmu suna tuna masu akwatin katako da suke zama kusa da gidan waya da kasuwa suna ɗaukar hoton fasfo. Dukansu a gindin bango ko ƙarƙashin rumfa suke kafa kujerarsu. Babu wanda ya taɓa zaunar da mai biyansa kuɗi a tsakar rana.

Mu kuwa muna da wani ilimi da ya riga kyamara zuwa, wato karatun inuwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin lokutan salla ya san cewa la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire 'yar inuwar da ta rage lokacin da rana take tsaka. Kakanninmu da taku suke aunawa kafin agogo ya yawaita. Wannan ma'auni shi ne na mai hoto. Dubi inuwarka a ƙasa. In ta fi ka gajarta, rana ta yi sama da yawa, haskenta zai fasa fuska. In ta kai tsawonka ko ta fi, haske yana zuwa daga gefe, yana shiga ido, yana zagaye kumatu. Ke nan daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa la'asar sakaliya, su ne lokutan hoto a sarari. Abin da ke tsakani, daga walaha zuwa bayan azahar, lokacin neman inuwa ne.

Ga abin da wannan yake nufi ranar Sallah. Hoton iyali a ɗauke shi kafin a fita idi, tsakanin ƙarfe 7 da 8, lokacin da guga bai karye ba, gumi bai keto ba, yara ba su ɓata kayansu da miya ba. Wanda ya kuɓuce a jira shi zuwa bayan la'asar, lokacin yawon gaisuwa, sa'ar da hasken yamma yake sa baƙar fata ta yi sheƙi irin na tagulla. Masu shirya ɗaurin aure da suna da walimar sauka da naɗin sarautar zango su ma suna iya sanya lokacin hoto a cikin tsarinsu, kamar yadda suke sanya lokacin rabon abinci.

IN BA MAKAWA SAI DA RANA TSAKA

Ba kowane hoto ne yake jira ba. Baƙon da ya zo daga nesa zai koma, dattijo ba zai sake fitowa da yamma ba. A irin wannan hali abu na farko shi ne a nemi inuwa mai buɗaɗɗen gaba: bakin zaure, barandar masallaci, gefen dogon bango, ƙofar shago. A tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu cikin inuwar, fuskarsa tana duban waje. Ƙasar da rana ta buga a gabansa ita za ta mayar masa da haske mai taushi, riga da fuska su dawo kusa da juna, kyamara ta iya ɗaukar duka biyun. In aka shige can ƙuryar inuwa haske zai mutu, don haka bakin inuwa ake nema. Inuwar bishiya kuwa sai an duba. Mangwaro mai duhun ganye yana da kyau, amma darbejiyar da rana ke ratsawa takan yi wa fuska dabbare-dabbare. In jama'a ce, kowa ya shiga haske iri ɗaya, kada rabi su kasance a rana rabi a inuwa.

A kula da laimomin haya da muke kafawa a bakin titi ranar biki. Ja da shuɗi da kore suna zuba launinsu a kan fata da farin yadi, har amarya ta fito kamar mai zazzaɓi, kuma gyara wannan daga baya yana da wuya. Wanda zai yi hayar laima ya nemi fara ko da guda ɗaya ce, a kafa ta inda ango da amarya ko manyan baƙi za su zauna.

In babu inuwa sam, kamar a tsakiyar filin idi, to a juya wa rana baya. Abin da aka koya mana da, cewa mai hoto ya sa rana a bayansa, shi ne yake sa wanda ake ɗauka ya fuskance ta ya rufe ido. A bar rana ta faɗo a bayan wanda ake ɗauka ko a kafaɗarsa, fuskarsa duka ta zama a inuwa iri ɗaya. Mai ɗauka ya kare idon kyamara da tafin hannu kada haske ya faɗa ciki ya sa hoto ya yi hazo. Sannan wani ya riƙe farin mayafi, ko farin kwali, a gefe daidai ƙirji, ya mayar da haske kan fuskar. Murfin tukunya da madubi sun yi kaifi, suna kashe ido. Wanda ya sa rawani ko malafa ya ɗan ɗaga haɓa kaɗan. A share gumi da hankici kafin a danna, domin maiƙon goshi ne yake zama farin tabo. Wanda idonsa ba ya jure haske ya rufe shi, a ƙirga uku, ya buɗe, a ɗauka.

Ita kanta wayar tana karɓar umarni, sai dai yawancinmu ba ma ba ta. A taɓa fuskar mutum a allon waya kafin a ɗauka, domin ta san fuska ake so ta auna, ba riga ko sama ba. A yawancin wayoyi wata 'yar alama mai kamar rana takan fito, a ja ta sama ko ƙasa har fuska ta fito ba tare da aikin riga ya ɓace ba. In aka danna aka riƙe, ma'aunin yakan tsaya a haka. A matso kusa, a rage farin sama da farin bango a cikin hoto, a nemi baya mai ɗan duhu kamar ƙofa ko ganye ko labule. A goge idon kyamara da gefen riga, musamman ranar layya da hannu ya sha maiƙo. Kuma tun da allon waya ba ya ganuwa sosai a rana, a shiga inuwa a duba hoton kafin jama'a su watse. Fitilar waya ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da rana, kada a dogara da ita.

Ga 'yan'uwanmu masu sana'ar hoto, waɗanda muke biya su rufe mana biki, tsohuwar ƙa'idar rana tana nan daram: a hasken rana sosai, buɗin ido f/16, ISO 100, saurin ƙiftawa 1/100 ko 1/125, ko abin da ya yi daidai da haka kamar f/8 da 1/400. Daga nan ake farawa, sannan a cike inuwar fuska da filashi daga taku kaɗan, ana tuna cewa yawancin kyamarori ba sa tafiya da filashi in sauri ya wuce 1/200 ko 1/250. Mai sana'ar da ya ga an jera dattawa a rana ya yi shiru ya danna, don kada a ce ya cika iyayi, bai yi wa kowa ladabi ba. Faɗin "Baba, don Allah a ɗan matso nan bakin rumfa" yana cikin aikin da aka biya shi.

Yanayi ma yana da nasa taimako. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa rana, sai dai yana kashe launi yana kuma tara ƙura a gilashi. Ranar da gajimare ya rufe sama a Kumasi da damina, wadda wasu suke cewa ba ranar hoto ba ce, ita ce ta fi kowace rana dacewa da fuska da farin yadi.

ABIN DA ZA A CE, DA ABIN DA KE CIKIN HATSARI

Mun san a cikinmu akwai malamai da dattawa da ba sa son hoto bisa fahimtarsu ta addini. Fatawa ba huruminmu ba ce, kuma wanda ya ce kada a ɗauke shi haƙƙinsa ne a bar shi. Haka nan matan mutane da 'ya'yansu ba a ɗaukarsu a watsa ba da izini ba, kuma huɗuba lokacin saurare ce. Maganarmu da waɗanda suka riga suka ɗaga waya ce, kuma su ne mafi rinjaye. In dai za a yi, a yi shi da kyau.

Akwai kuma mai cewa duk wannan wahala a kan hoto, abin da za a kalla yau a manta gobe? A nan ne muka fi saɓawa da shi. Mu mutanen zango tarihinmu cike yake da tashi da watsewa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro da ta tara kakanninmu, suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Tsohon garin Kete, inda Alhaji Umaru ya koyar har rasuwarsa a 1934, ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, aka raba gidaje da yawa na zango, wasu suka nufi Najeriya da Nijar da abin da hannu zai iya ɗauka, ciki har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Har gobe akan sami mai tambayar ɗan zango daga ina ya zo, ko da kakan kakansa a nan aka binne shi. Ba mu da gidan tarihi a kowace unguwa, kuma littattafan makaranta ba su cika faɗin labarinmu ba. Abin da muke da shi shi ne bakin tsofaffi da hotunan da ke cikin akwati da jikin bango.

Duk gidan da yake da hoto ɗaya tak na kakansa ya san darajarsa. Shi ake fitowa da shi a nuna wa jika a ce, ga inda ka samo wannan goshi, ga tsagar gidanku. Da shi dangin da ke Kano ko Dosso suke gane na Kumasi bayan shekaru hamsin. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Riga ana saye, ana aro, ana gado, kuma shaddar bana ita ce ta kowa a layin. Fuska ce kaɗai shaidar mutum. Abin mamaki ne a ce zamanin da ya fi kowanne yawan hotuna shi ne zai bar wa na baya tarin fararen riguna marasa fuska, da fuskokin da filta ta mayar iri ɗaya. A kowace Sallah akwai dattijo ko dattijuwa da wannan ce ta ƙarshe gare su, ba kuwa wanda ya san ko wane ne. Hoton da aka ɗauka a gurguje a tsakar rana yana iya zama shi ne za a nema ranar sadakar uku.

Don haka muna kira ga matasan kowane gida, tun da su ne masu riƙe da waya, su ɗauki wannan a matsayin hidima ga iyaye. Tun daren Sallah a san inda za a tsaya, a duba wane bango ne yake ba da inuwa da safe. A fara da tsofaffi, a zaunar da su a kujera a bakin zaure, a ɗauki kowannensu shi kaɗai kafin a tara jama'a. A bar musu launinsu da layukan fuskarsu yadda Allah ya yi su. Wanda ya fi kyau a kai a wanke shi a takarda, a rubuta suna da gari da shekara a bayansa, domin waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sace ta. In za a aika wa dangi ta WhatsApp, a aika shi a matsayin fayil don kada a matse shi ya rasa kyansa. Shugabannin matasa da kwamitocin masallatai kuma suna iya ware wata rumfa fara a gefen filin idi domin wannan, kamar yadda ake ware wurin ajiye takalma da babura.

Rana ba ta ƙarya, wata Sallar tana tafe. Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, waɗanda muka ga fuskokinsu da waɗanda sai dai labari.